Kwana bakwai ina kallon damben tele

Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, allo ma ban daɗe a kansa ba aka cire ni. Autata ce take rubuta wannan, ita da take koyarwa a Damagaram, ta zo mini hutu. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. In ta gyara zan gane, don sai ta karanta mini daga farko.

Ina da ɗan fari. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. Haka muka taso muka tarar: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta yabon abin da hannunsa ya kawo. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta goya shi ta tafi da shi Tsauni, sai da ya shekara bakwai aka maido mini shi. Shi ya sa muke ce masa ɗan tsohuwa. In ina son ya zo sai in ce, "Kai." Maza uku ne a gidan nan lokacin, amma kowa ya san wanda nake nufi.

Shi ne ya fara kawo wasan tele, wato talabijin, unguwarmu. A zamanin sojojin farko da na yi wayo da su sosai ne, ya je cin rani Kano ya dawo da wani akwati mai launin toka, da ƙaramar tele, da batir na mota, da wasu abubuwa biyu masu igiya da ake riƙewa a hannu ana dannawa, manet suke ce musu. Ya ce zai kafa su a zaure, samari su zo su yi wasa, gida ya samu na cefane. Ubansa bai daɗe da rasuwa ba, zauren kuma nan ne inda yake zama da abokansa. Na ce ban yarda ba. Ya ci gaba da share zauren. Sai na ce, to, zan zauna in ga abin da za a yi a ciki.

Zaman da na yi ke nan fiye da shekara goma. Ina kan dakalin da ke bakin ƙofar shiga gida, da ƙwaryar gyaɗa a cinya ina ɓara, idona yana kan tele. Dokokina uku ne: ba zagi, ba taba, kuma in ladan ya ɗaga murya a kashe, ko da ƙafar wani tana sama ba ta sauka ba. Ta huɗu su suka yi wa kansu: wanda aka kayar ya tashi ya ba wani wuri, wanda ya ci ya zauna.

Wasan faɗa ne. Mutum biyu a cikin tele, kowane ɗan wasa yana tuƙa ɗaya da manet ɗinsa. Samarin sun ɗauka tsohuwa gadi kawai take yi. Ba su san ubana mahauci ba ne, kuma ɗan dambe. Ina yarinya ni nake riƙe masa bakin igiya in yana ɗaure hannu, ni nake bin sa da tulun ruwa har Dungu da Yauri bayan an cire amfanin gona. Tun kafin in iya kwaɓa tuwo na san mutumin da zai faɗi daga yadda ya dasa ƙafarsa ta baya. To sai na ga mutanen cikin tele ma haka suke. Fuskokinsu kamar an yanka daga kwali, hannuwansu kamar icen girki, amma akwai mai gaggawa, akwai mai jira, akwai mai cika baki. A cikinsu akwai wani tsoho mai farin gemu da gora a hannu, bayansa ya tanƙware. Ba wanda yake son sa, wai ba shi da sauri. Shi ɗan tsohuwa yake ɗauka, kuma in ya zauna da shi ba mai tashin sa har a kira magariba. Ban taɓa ce masa ya iya ba. In ya waigo ya dube ni sai in duƙufa a kan gyaɗata.

In rani ya yi ya tafi nema, ni yake bar wa makullin zaure. Ban taɓa taɓa manet ba. Amma in gardama ta tashi, wane ya yi zamba, wane ya danna kafin a fara, ni ake tambaya, kuma in na yanke ta yanku.

Akwatin ya tsufa. Wasu suka buɗe nasu a tasha, na ƙwallo, samari suka koma can. Damina ta fara wasa da mu, ta zo ta tsaya, ta dawo bayan gero ya riga ya ƙone. Ɗan tsohuwa ya rufe zaure ya wuce Kano, daga Kano ya wuce Legas, yana sauke kaya daga manyan motoci. Damina uku ba mu gan shi ba. Gidan ya rage ni da matarsa da 'ya'yansu biyu, sauran nawa kowa ya kama gabansa.

A shekarar da nake son a rubuta, sojoji sun sake karɓar mulki a Yamai. Mu dai abin da muka gani shi ne rediyo ya wuni yana kiɗan soja, daga baya aka ga masu kaki suna tsare layin hatsi mai rahusa a bakin meri, ofishin magajin gari. Geronmu bai kai gwiwa ba ya tsaya. Tun kafin sanyi ya wuce na shiga rumbu da tsintsiya na sharo abin da ya maƙale a kusurwa. Muna cin tafasa da ɗan gari a kai, rana ɗaya a ɗora tukunya sau ɗaya. Unguwar ta yi shiru. Duk namiji mai ƙarfin ɗaukar buhu ya tsallaka iyaka, sai tsofaffi da mata da 'yan tsirarun masu sana'ar hannu. Da hantsi in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana jin kukan akuya daga ƙarshen layi, ba muryar da ta rufe shi.

Ana cikin haka wani direban motar Kano ya tsaya a ƙofarmu ya sauke kwali biyu, ya ce daga ɗanku. Sai ga wayar surukata ta yi ƙara, ta miƙo mini. Ni ba na son abin nan a kunne, amma na karɓa.

"Inna, kaya sun iso?"

"Sun iso. Mun ɗauka hatsi ne."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce hatsi yana tafe. Ya ce wannan wasan nan ne na da, wanda na sani, masu shi suka rushe shi suka sake gina shi tun daga tushe, da sabon akwati da sabuwar tele. Wani mutumin Kano ne ya ba shi a kan ya gwada, in bai yi ba a maido masa cikin kwana goma.

"Inna, na gaji da garin nan. Bayana ya fara ciwo. In wasan nan ya yi, zan tattaro in dawo gida in sake buɗe zaure, ko kaɗan ake samu mu ci tare. In bai yi ba, a mayar, in ci gaba da haƙuri a nan. Ki sa masa ido kwana bakwai, ki faɗa mini."

Na ce, "Ga matarka nan da ta yi lakwal, me ya sa ba ka tambaye ta ba?"

"Ita ko kwalin wofi ne cewa za ta yi ya yi. Ke ce ba kya rufe wa kowa."

Na ce na ji. Na miƙa wa surukata wayarta, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na daɗe ban tashi ba. Tun da aka maido mini shi daga Tsauni bai taɓa cewa in yanke masa wani abu na rayuwarsa ba.

Wanda ya haɗa kayan shi ne telan da ke jikin gidanmu. Jikan yayata ne, magidanci da 'ya'yansa, ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana ƙarami, shi ya sa bai bi sauran ba. Da yake jika ne akwai wasa tsakaninmu, yana ce mini amarya, ina ce masa mijin banza. Sabon akwatin ba ya cin batir, sai kuran, wutar lantarki, don haka ya jawo waya daga shagonsa ta saman katanga.

"Amarya, matsa mini, kada wuta ta kama ki in rasa mai yi mini tuwo."

"Tuwon da ka kawo hatsinsa? Haɗa abin nan ka bar surutu."

Da tele ta kama, sai da na ja baya. Ba mutanen kwali ba ne kuma. Ana ganin zufa tana bin wuyansu. Ana ganin ƙirjinsu yana hawa yana sauka. In mutum ya dasa ƙafa ƙasa tana tashi a gefen diddigensa. Na nemi tsohon nan mai gora ban gan shi ba. Tela ya nuna mini wani saurayi mai baƙin gemu, miƙaƙƙe kamar tabarya, ya ce shi ne. Wai an mayar da labarin farkonsa, kowa ya koma ƙuruciya, waɗanda suka mutu a wancan duk sun dawo ba abin da ya same su.

Na ce, "Su kam sun ji daɗi."

Kwana bakwai ɗin nan na koma kan dakalina. Ba gyaɗar ɓara a shekarar, sai na riƙe carbi. Ranar farko mutum huɗu suka zo. Rana ta uku zauren ya cika har ana leƙe ta taga: mai gyaran keke, masu kabu-kabu biyu da ba su da wanda za su ɗauka, wani malamin asibiti, har da dattawan da suka ce sun zo gaishe ni ne suka manta ba su gaishe ni ba. Wuta takan ɗauke a tsakiyar faɗa, sai kowa ya ce "Kash!" da baki ɗaya, su zauna suna jira, ba mai tafiya.

Na sa ido kamar yadda aka ce in sa. Laifuffukansa na fara gani, don su ne a sama. Jini ya yi yawa. Ubana ya yanka shanu shekara arba'in bai zubar da abin da mutum ɗaya yake zubarwa a nan ba ya kuma tashi ya ci gaba. A dambe in gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an gama, sai ka ja baya; a nan mutum yana kwance ana bin sa da duka, har akwai inda wanda ya ci yake tsayawa yana wulaƙanta wanda ya faɗi, tele tana juyawa tana nuna maka ta kowane gefe. Matan ciki ba su da zanen kirki. Kafin a fara faɗa sai sun tsaya suna doguwar magana da yaren da ba mai ji. Akwatin yana zafi kamar kaskon suya, sai da muka ɗora shi a kan bulo biyu. Kuma an sa wani maɓalli wanda in sabon shiga ya danna shi kaɗai, mutuminsa zai yi duka biyar a jere, abin da a da sai ka shekara kana koyo.

Amma daga rana ta biyu na fara ganin abin da ke ƙasa. Mutanen nan suna da nauyi. In babba ya kai hannu ya kuskure, jikinsa yana bin hannun, sai ya buɗe haƙarƙarinsa, daidai yadda yake a fili. Suna gajiya. Mai yawan tsalle numfashinsa yana ƙarewa, hannunsa ya sauka. Maɓallin nan na ragwaye yana cin wanda bai sani ba ne kawai. Wanda ya iya jira sai ya kare, ya bar shi ya gama haukansa, ya ba shi ɗaya. A tsohon wasan mai saurin yatsa ne sarki. A wannan mai haƙuri ne. Saurayin nan mai gora kuwa, duk da an cire masa furfura, ba a cire masa hali ba. Yana tsayawa ne a ƙafar baya, ya sauke kafaɗar hagu kaɗan, ya jira. Haka ubana yake tsayawa. Haka kuma ɗan tsohuwa yake tsayawa a bakin ƙofa in yana da magana ya rasa ta inda zai fara.

Rana ta biyar da la'asar wani soja ya leƙo, cikin masu tsaron layin hatsi. Ya ce yana so ya gwada. Tela ne a zaune, ya kayar da mutum shida a jere, sai ga shi hannunsa ya mutu, sojan ya yi ta dukan sa har ya faɗi. Aka yi tafi na tsoro.

Na ce, "Ɗana, wannan ba ci ba ne, ba ka aka yi."

Tela ya zaro ido. "Amarya, so kike ki zama bazawara?"

"Da miji matsoraci ai gara haka."

Sojan ya fashe da dariya, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Yaro ne ashe, da ƙyar gemu ya fito masa. Ya ce, "Iya ta faɗi gaskiya. Malam tela, yi da gaske." Tela ya ɗauki mai gora, bai ɗau lokaci ba ya shimfiɗe shi. Sojan ya dube ni, na nuna masa ƙofa da haɓa, na ce a nan wanda aka kayar tashi yake yi. Ya tashi ya koma bayan layi ya tsaya kamar kowa. Ihun da aka yi a zauren ran nan, rabona da jin irinsa tun kafin ruwa ya ƙi. Mutanen da na san ba abin da ya shiga cikinsu tun safe suna dariya har da riƙe ciki. Na juya fuskata wajen bango don kada a ga tawa.

A raina na riga na gama. Wasan ya yi. Ko a shekarar yunwa ya tara mutane, ina ga an samu damina. Har na sa surukata ta share ɗakin ɗan tsohuwa ta shanya katifa, na ce wari nake ji.

Rana ta bakwai ya kira bayan azahar. Ina zaune a dakali, zaure cike. Surukata don murna sai ta danna wayar yadda kowa zai ji, ta riƙe ta a gabana. Aka tsayar da wasa. Dattawan unguwa suna nan, abokan ubansa, duk sun zuba mini ido.

"Inna, kwana bakwai sun cika. Yaya kika gani?"

Da a ɗaki nake ni kaɗai, wataƙila da bakina ya buɗe ta wata hanya. Wataƙila kuma a'a. Amma a gaban mazan unguwa, in buɗe baki in yabi abin ɗan fari? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Sai na fara da jinin. Na bi da dukan wanda ya faɗi. Na faɗi na matan, na faɗi na surutun, na faɗi zafin akwati da ɗaukewar wuta, na faɗi maɓallin ragwaye. Na ce sun ɗauki dattijo mai mutunci sun mayar da shi ɗan iska mai baƙin gemu. Ban bar ko ɗaya ba, na jera su tsaf. Dattawan suna gyaɗa kai suna murmushi, don su sun gane. A wurinmu uwa ba ta ɓata bakinta a kan abin da ba ta damu da shi ba. In ta zauna kwana bakwai ta ƙirga laifin abu ɗaya bayan ɗaya, to ta riƙe shi ke nan. Da bai yi ba, cewa zan yi a kwashe a ba ni wuri, shi ke nan.

Ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"To Inna, ba wani abin kirki a cikinsa?"

"Mutane dai suna zuwa. Ba su da aikin yi."

"In dawo ke nan, ko in zauna?"

Ya tambaye ni kai tsaye, a gaban kowa. Ba a yi wa uwa irin wannan tambaya. Yayana da ya daɗe a Kurmi ya aiko yana tambayar uwarmu ko ya dawo, ta ce a gaya masa ita ba ta kira kowa ba, kafin wata ya mutu sai ga shi da jakarsa. Abin da na sani ke nan, shi na faɗa.

"Kai ka sani. Ni ban kira ka ba."

Ya ce, "To, Inna. Na gode." Ya ce a ba shi matarsa. Ta shige gida da wayar, ni kuma na ce wa tela ya kunna a ci gaba. Zuciyata fari ƙal. Har ina lissafin abin da zan samu in dafa ranar da zai sauka.

Da ta fito idonta ya yi ja. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ya ce a naɗe kayan. Direba zai biyo jibi."

Na manta cewa yaron nan bai girma a gabana ba. Shekarunsa bakwai na farko a hannun kakarsa ya yi su, wadda take kiran sa da suna ta sa shi a cinya ta ce masa ya fi kowa. Daga baya kuma ya yi shekaru a garin da in mutum ya ce a'a, a'a yake nufi. Shi da kansa ya ce ni ba na rufe wa kowa. Ya ɗauki maganata yadda ta fito, don bai taɓa jin na faɗi wadda ba haka take ba.

Tela ya biyo ni har tsakar gida yana jan ƙafa. Ran nan bai ce mini amarya ba.

"Kaka, me kika yi haka?"

"Me na yi? Ƙarya na faɗa?"

"Ba ki faɗi ƙarya ba, rabi kika faɗa. Bari in kira shi in gaya masa yadda zauren yake cika."

Ya kira shi kuwa. Surukata ma ta kira, ta yi kuka. Ya ce musu ya san suna son ya dawo, kuma ya gode, amma Inna ta gani da idonta, ba zai zo ya ƙara wa gida baki a shekarar yunwa a kan abin da bai tabbata ba. Ya ce in Inna ta sake magana, to.

Kwana biyu gare ni. Washegari da hantsi na ce wa surukata ta kira mini shi, na shiga ɗaki na sakaya ƙofa. Ya ɗauka ya ce, "Inna?" Na tambaye shi ko ana ruwa a can. Ya ce ana yi. Na ce bayan nasa fa, ya ce da sauƙi. Na ce ya riƙa shafa man shanu. Ya jira. Ina jin yana jira, na san har kafaɗar nan ta hagu ya sauke. Kalma uku ce, wasan ya yi. Shekara kusan arba'in ban taɓa ce masa wani abu nasa ya yi ba, harshen bai san hanyar ba. Na ce ya gaida mutanen wurin. Ya ce za su ji.

Ranar da direba zai zo na tashi da wuri na shiga zaure ni kaɗai, rana ta ɗan ɗaga. Akwai wuta. Na ga yadda tela yake kunnawa, na kunna. Na ɗauki manet a karo na farko a rayuwata, ya fi yadda nake zato sauƙi a hannu. Na laluba har na kai kan mai gora. Ban iya komai ba, na bar shi a tsaye kawai. Da ba a danna shi ba sai ya gyara tsayuwa, ya mayar da nauyinsa ƙafar baya, yana numfashi, yana kallon gabansa. Abokin faɗansa ya zo ya yi ta dukan sa har ya faɗi. Na sake tayar da shi, na sake kallon sa yana tsaye. Sau uku na yi haka. Sai na ji hon a ƙofar gida.

Ni na naɗe wayoyin da hannuna, na sa tsumma a kusurwoyin kwalin don kada hanyar Daura ta fasa tele. Direban ya ce, "Hajiya, ba saƙo?" Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na ce babu.

Hatsin da ya ce yana tafe ya zo, buhu biyu, shi ya fitar da mu. Damina ta gaba ta yi kyau, sojoji suka mayar da mulki suka koma barikinsu, maza suka dawo gona. Shi bai dawo ba. Ya samu wurin tsayawa a wani shago, bayan shekara ya aiko a kai masa matarsa da 'ya'yansa. Wani ya buɗe irin wasan nan a bakin kasuwa, wannan sabon dai, an ce har yau cika yake yi. Tela yakan je, in ya dawo ba ya ba ni labari, ni ma ba na tambaya.

Yakan zo da babbar salla wani lokaci, ya kwana uku. Yana durƙusawa ya gaishe ni, in ce, "Kai, ka iso?" Ya ce ya iso. Furfura ta fara fito masa a gemu. Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Tsohon akwatin mai launin toka yana ƙarƙashin gadona, ba ya kamawa, ɓera ya ci igiyar manet ɗaya. Zauren kuwa ina share shi duk safiya, in zauna a dakali har rana ta kai bakin ƙofa. Awaki ne suke shigowa.

An ce in sa ido in faɗi abin da na gani, na faɗi rabi. Ga sauran. Jinin ya yi yawa, wannan ban janye ba, kuma ba a dukan wanda ya faɗi. Amma waɗanda suka sake gina wasan nan sun san faɗa. Sun san nauyin ƙafa, sun san gajiya, sun ba mai haƙuri haƙƙinsa. Ya fi na da nesa ba kusa ba. Wanda ya zaɓo shi ya aiko yana da ido, tun yana saurayi yake da shi, kuma ban ga wanda ya kai shi riƙe mai gora ba a garin nan. Wasan ya yi. Da ya dawo da mun ci tare.

Autata ta ajiye alƙalami a nan tana kallo na. Ta ce ko ta ɗauki hoton takardun ta tura wa yayanta ta waya, yanzu-yanzu zai gani. Na ce ni ban ce ta tura ba. Ta ce to ta bari ke nan? Na ce ita ta sani.

Ita a gabana ta girma. Ta ɗauki wayar ta fita zaure.